Me ya sami Jameis Winston a 2014?

Ɗan Fagge: 'Yan'uwa, abin na damuna. A 2013 Winston, kwatabak (mai jefa ƙwallo) na ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Jami'ar Florida State, ya jefa tacdawun (jifan da ya kai ga cin maki) 40, sau 10 kacal abokan hamayya suka cafke masa ƙwallo, har ya ɗauki Heisman, kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i. A 2014 sai 25, cafkewa 18. Me ya faru?

Baba Audu: Ɗana, Kelvin Benjamin mai karɓar jifansa ne ya tafi ƙungiyar ƙwararru ta Carolina. Dogon nan, ko sama ka wurga masa sai ya sauko da ita. Bryan Stork mai miƙo wa Winston ƙwallo ma ya tafi.

Ummi: Gaskiya ne Baba, amma shi ma Winston ya riƙa cusa ƙwallo tsakiyar mutum biyu. Na hana idona barci ranar da Oregon ta doke Florida State 59 da 20, raina ya ɓaci.