Awona ya ƙi zama a taswira, saura sati uku in miƙa rahoto

Ɗan aji uku: Assalamu alaikum yayyena. Jiyoloji, wato ilimin duwatsu, nake karantawa. Gaskiya likitanci na nema tun farko, da bai samu ba aka turo ni nan. Na shekara ina cewa zan canza, Baba ya ce in zauna inda Allah ya ajiye ni, har na zo na fara son darasin ma'adanai, shi ne ma na fi ci. To mun dawo daga aikin fili na kwana goma, mu biyar kamfas ɗaya, don haka da waya na yi nawa awon. Ina da awo 62 na sitiraik (alkiblar layin kwance a jikin shimfiɗar dutse) da dif (yawan karkatar dutsen). Da na zo zubawa a taswira sai kowace alama ta kalli gabanta, yankan gicciye, wato zanen yadda duwatsun suke a ƙarƙashin ƙasa, ya ƙi fita. Ko barci ba na yi. In ɗan gyara lambobin su zo daidai da na abokaina?

Mai Guduma: Wa alaikumus salam. Kada ka taɓa lamba ko ɗaya, ƙanena. Awon da aka gyara yakan yi kyau fiye da kima, mai dubawa zai gane. Kawo layi ɗaya daga littafin filinka yadda ka rubuta shi.

Ɗan aji uku: 040/35. Duk haka suke.

Mai Guduma: To ga ciwon nan. Lambar nan fassara uku gare ta. In dokar hannun dama ka bi, sai a ƙara 90 a kan sitiraik, dutsen ya karkata zuwa 130, kudu maso gabas. In ba ka bi ta ba, yana iya zama arewa maso yamma ya karkata, wato 310, da kuma 220/35 ya kamata ka rubuta. In kuwa wayar alkiblar karkata take fara nunawa, 040 ɗin nan ba sitiraik ba ne sam, sitiraik ɗinka 130 ne ko 310. Shi ya sa ake ƙara harafin alkibla a gefen kowane awo. Buɗe manhajar ka ga tsarin da take kai. Sannan ina gudumarka take lokacin awo? Ƙarfe kusa da kamfas yana jan allura, haka murfin waya mai maganaɗisu, haka dutse mai maganatait.

Ɗan aji uku: Yaya, a ƙugu take, amma kowa a ƙugu ya rataya tasa. Kuma manhajar ba ta da matsala, mutane da yawa da ita suke aiki.

Uwar Madubi: Kafin a kama waya da laifi, wane fili na jikin dutsen ka aza ta a kai? Shimfiɗar dutse daban, jerin ma'adanai irin na duwatsun shist da nais daban, tsaga kuma daban. Tsaga ce ta fi sulɓi da daɗin aza waya, ita ce ke yaudarar sabon shiga. Zuba duka 62 a siteriyonet, zanen da'irar da ake nuna alkiblar awo a kai, a matsayin ɗige. In suka taru gungu biyu ko uku, mai yiwuwa ka gauraya tsaga da shimfiɗa. In suka jeru a kan babban da'ira ɗaya, dutsen ne ya lanƙwashe, awonka lafiya lau. Ba sai ka koma fili ba. Inda iyakar duwatsu biyu ta ratsa kwari takan yi siffar V, kuma galibi tsinin V ɗin yana nuna inda dutse ya karkata, sai ka gwada da naka.

Ɗan Taswira: Ni abin da ke ba ni haushi, a ce mutum biyar kamfas ɗaya, sannan a zo ana neman rahoto mai kyau. Haka madubin duba yankan dutse, layi ake yi masa. Af, ka duba bambancin arewar kamfas da arewar taswira, yawanci yana rubuce a gefen takardar.

Mai Guduma: Wannan bambancin duk awon yake turawa gefe ɗaya, gyaransa lissafi ɗaya ne, ba shi ke watsa alamomi ba. Hajiya, siteriyonet ba zai ceci lambar da ba a san alkiblarta ba, ɗigon zai faɗa kishiyar inda ya dace, ya ƙirƙiro lanƙwasar da babu ita. Ya ari kamfas ya koma kwana biyu. Tasha goma sun isa, awo uku a kowace, a kan dutse mai tushe, ba gundumen da ya gangaro ba. Ya nemi layin kwance tukun, sannan ya auna karkata a gicciyensa daidai. In ya kauce, lambar za ta fito ƙasa da ta gaskiya. A zuba ɗan ruwa a kan filin dutsen, inda ya bi nan ne alkiblar karkata.

Uwar Madubi: Malam, kwana biyu cikin sati uku, ga yankan dutse bai duba ba? Ya fara da hotunansa da zanen littafinsa.

Ɗan aji uku: Zane ban yi da yawa ba, lokaci ya ƙure mana. Komawa kuma da wuya. Abokina ya ce zai ba ni nasa awon in haɗa da nawa, ai tasha ɗaya muka tsaya.

Mai Guduma: Awon rukuni ana amfani da shi in ka rubuta na wane ne, kuma malaminka ya yarda. Ka buɗe manhajar kuwa?

Ɗan aji uku: Na goge ta, waya ta cika.