Auna fahimta a Turancin JAMB: ku da kuka zauna, yaya kuka yi?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. 'Yata za ta zauna JAMB, jarrabawar shiga jami'a, bana, kuma auna fahimta ne ke ba ta wuya. Takan gane labarin sarai, amma da ta zo zaɓen amsa sai biyu su yi mata kama da juna. Don Allah waɗanda suka zauna ku faɗa mana abin da kuka gani.

Ɗan Sabon Gari: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ta fara da lissafin lokaci. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 daga ciki Turanci, wato kowace tambaya daƙiƙa 40 ke nan. Ni tambayoyin na fara leƙawa, sannan na shiga labarin ina farautar amsa. Yaron da ke kusa da ni kuwa, har na gama Turanci yana nan yana maimaita sakin layi na farko, leɓensa na motsi.

'Yar Samaru: Wannan dabarar ba kowa take karɓa ba. Ni labarin da ya fito mini gardama ce, marubucin ya kawo ra'ayin wasu ne don ya rushe shi a ƙasa. Mai farauta da ya tsinci jimlar farko ya faɗa rami. Na karanta sau ɗaya a tsanake, ina lura da inda ya ce "however" ko "but", don nan ne yake juyawa. Kuma ta riƙa gwaji a kwamfuta. Tun 2015 aka bar takarda, ba damar ja wa jimla layi da biro, ido ma ya fi saurin gajiya.

Malamin Lesin: Hajiya, ciwon 'yarki na sani, kullum ina ganinsa a aji. Amsoshi biyun nan, ɗaya gaskiya ce a duniya, ɗaya gaskiya ce a labarin, kuma ta biyun ake nema. A ce labari ya ce sare itatuwa na cikin abubuwan da ke jawo kwararowar hamada. Sai zaɓi ya ce shi kaɗai ke jawowa. Yaro ya ga kalmomin da ya karanta, ya danna da murna. Duk zaɓin da ke ɗauke da "only", "always" ko "never", ta koma ta duba ko marubucin ya kai har can. Ɗalibaina ba na karɓar amsarsu sai sun ɗora yatsa kan layin da ta fito. Sai kuma tambayoyi masu EXCEPT da NOT, masu cinye makin yara masu ƙoƙari saboda gaggawa.

Ɗan Sabon Gari: Haka ne, Malam. In kuma tambaya ta cije, ta danna N a kwamfutar ta wuce, P zai dawo da ita daga baya.

Maman Biyu: Allah ya saka da alheri. Malam, tsofaffin tambayoyin shekara nawa za mu nema mata?