Cire injin numfashi: kisa ne ko a'a?

Malam: Assalamu alaikum. An ce duk wanda ya sa hannu aka cire wa majinyaci injin numfashi ya kashe rai. Ni ban yarda da wannan magana a dunƙule ba. A 1986 majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman, ta ce idan ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya, ƙwararrun likitoci suka tabbatar ba za ta dawo ba, ya halatta a cire injin ko da zuciya na bugawa. Majalisar fiƙihu ta Makka ma ta yarda da cirewar a 1987, sai dai ta ce ba a yanke hukuncin mutuwa sai zuciya ta tsaya.

Hajiya: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya gafarta maka, amma ka riƙe hannun mutum ka ji ɗumi, ƙirjinsa na ɗagawa yana sauka, sannan a ce maka ya tafi? Rai na Allah ne. Zuciyata ba ta ɗauka ba.

Likita: Hajiya, ƙirjin nan injin ne ke hura shi. Kafin mu ce ƙwaƙwalwa ta mutu, sai mun tabbatar ba magani ne ko sanyin jiki ya kwantar da shi ba. Mu haska ido, ƙwayar ba ta motsa ba. Mu zuba ruwan sanyi a kunne, shiru. Sannan mu dakatar da injin na 'yan mintoci muna ba shi iskar oksijin, mu ga ko zai yunƙura ya ja numfashi da kansa. Wannan daban ne da mai dogon suma, wanda tushen ƙwaƙwalwarsa ke aiki, yana numfashi, har ya buɗe ido. Karen Quinlan a Amurka, kotu ta ba da izini aka cire mata injin a 1976, ta ci gaba da numfashi har 1985.

Hajiya: To ka gani! Shekara tara.

Likita: Shekara tara ba ta farfaɗo ba, Hajiya, ba ta san wanda ke kanta ba.

Barista: Ku yi haƙuri, ni inda ya fi damuna shi ne wa ke da bakin magana. Wata mata, Terri Schiavo, ta faɗi a Fulorida ta Amurka a 1990, ta shiga dogon suma. Mijinta ya ce ta taɓa faɗa masa ba ta son a riƙe ta a irin wannan hali, iyayenta suka ce sam. Ba ta bar rubutu ba. Aka yi ta shari'a, har majalisar dokokin Amurka ta sa baki, kafin a cire robar da ake ciyar da ita a Maris 2005. Wakilin da ke magana a madadin majinyaci ba ra'ayinsa ake tambaya ba. Ana tambayarsa ne me majinyacin zai ce da yana iya magana. Sau da yawa ɗan da ya fi ɗaga murya a ci gaba da injin tsoron nadama ke cinsa, kuma ban zarge shi ba, amma wanda ke kwance ne ake juyawa duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, shi ake zuƙe wa majina ta maƙogwaro.

Auta: Barista, amma abinci aka hana ta ai. Injin na iya fahimta. Ruwa da abinci kuma? Ko baƙo ba a hana wa.

Barista: A Ingila, a shari'ar wani mai dogon suma, Tony Bland, ta 1993, alƙalai sun ɗauki ciyarwa ta roba a matsayin magani da za a iya dakatarwa.

Malam: Nan kam ina tare da Auta. Malamai da yawa sun bambanta su. Barin maganin da ba ya amfani wani abu ne, hana abinci ga mai numfashi da kansa wani abu ne daban.

Hajiya: Ni dai idan ta kama, kada a ɗora wa mutum ɗaya. A tara 'yan uwa, a kira likita na biyu, a zo da malami.

Barista: Idan suka rabu biyu fa, Hajiya? Maganar wa za a ɗauka, ta mata ko ta uwa?

Likita: Shi ya sa nake roƙon kowa ya faɗa wa iyalinsa abin da yake so tun yana da lafiya, ya zaɓi wakilinsa, a rubuta a gaban shaidu.

Auta: Likita, ta yaya zan fara wannan magana da Baba ba tare da ya ɗauka ina yi masa fatan mutuwa ba?