Farin tabo a bakin mahaifa: wa ta taɓa maganin ɗigawa?

Maman Afnan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na je gwajin bakin mahaifa, nas ta shafa ruwan khal ta ce wurin ya yi fari. Wai ba kansa ba ce, amma in an bar shi zai iya komawa ita. Maƙwabciyata a Rikkos ta ce akwai maganin da ake ɗigawa ya cinye tabon, ba sai an kai ga na'ura ba. Wa ta taɓa yi?

Ummu Sadiq: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne.

Yaya Hajara: Ƙanwata don girman Allah kar ki sa komai da hannunki. Ni na yi. Da aka ce za a ƙona min wurin sai gabana ya faɗi, na gudu wani kemis. Yaron ya ba ni ruwa a 'yar kwalba ko rubutu babu, ya ce in jiƙa auduga in tura. Dare na biyu ko zama na kasa, fitsari kamar an watsa min barkono, audugar ta fito da jini da fatar da ta saɓule. Da na koma asibiti likita ta ce gabana kawai na ƙona, tabon yana nan daram, ruwan bai ma isa bakin mahaifar ba. Sai da na warke sannan aka yi abin da na guda. Wani ɗan ƙarfe mai zafi aka ɗora, bai cika minti ɗaya ba, marata ta murɗa kamar ta al'ada, na tashi da ƙafata na hau Keke zuwa Gangare. Har yau in na tuna kwalbar nan sai na ji hawaye.

Maman Ilham: Innalillahi! Sannu Yaya.

Anty Sista: Akwai asid ɗin da ake kira TCA, amma likita ne ke shafa shi yana kallon wurin da idonsa, kuma bincike ake ta yi a kansa. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi: ƙonawa da ƙarfe mai zafi, ko daskarewa da iskar gas, ko a yanke da LEEP, wata siririyar waya mai aiki da lantarki, in tabon ya yi faɗi ko ya shige ciki. Maman Afnan ki je JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, a Lamingo, sashen mata. Bayan aikin za ki ga ruwa-ruwa na wasu makonni, sati 4 ba kwanciyar aure, bayan shekara ki koma a duba.

Hajiya Mai Kaya: Ni dai kar a shafa wa masu matsi kashin kaji. Nawa ganye ne zalla.

Yaya Hajara: Hajiya wa ya ambaci sunanki?

Hajiya Mai Kaya: Na san inda zancen ya dosa.

Anty Sista: Ganye ko alif, Hajiya, mai tabo kar ta tura komai.

Amarya: Sati 4? Anty sai dai ki rubuto wa maigida takarda da hatimi 😂

Ummu Sadiq: Ni allurar rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke kawo kansar bakin mahaifa, nake son tambaya. 'Yata shekararta 11.

Anty Sista: Kai ta. Tun 2023 gwamnati ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta, allura ɗaya ce. HPV nau'i na 16 da na 18 su ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na wannan kansar.

Maman Ilham: Surukata ta ce tana hana haihuwa.

Anty Sista: Ba ta hanawa. Ni da kaina na kai tawa.

Maman Afnan: Yaya Hajara, za ki raka ni ranar Litinin?

Yaya Hajara: In sha Allah. Mu haɗu a Terminus ƙarfe 7.