Ƙananan Kwalejojin Amurka: Shawarwarin da Aka Tattaro

Malamai da tsofaffin ɗalibai sun zauna kan makomar ƙananan kwalejojin Amurka masu koyar da adabi, tarihi, falsafa da kimiyya a haɗe. Matsalar farko ita ce ƙarancin ɗalibai. Haihuwa ta ragu bayan durƙushewar tattalin arziki a 2008, yanzu ƙarancin ya iso ƙofar kwalejoji.

An fi daɗewa kan kuɗin makaranta. Yawanci ana rubuta farashi mai tsada, sannan a yafe wa ɗalibi kusan rabi ko fiye da sunan tallafi. Shawarar da ta fi rinjaye: a bayyana ainihin abin da iyaye za su biya, domin talaka yana ganin adadin farko sai ya juya.

Wasu sun ce a nemi haɗewa da wata babbar jami'a tun da sauran ƙarfi, kamar yadda Kwalejin Mills ta shiga Jami'ar Northeastern a 2022. Wasu suka kawo misalin Kwalejin Sweet Briar, wadda aka sanar da rufewa a 2015, tsofaffin ɗalibanta mata suka tara kuɗi suka ceto ta.

Ni dai ina tare da masu cewa kada a taɓa ƙaramin aji, inda malami ya san kowa da suna.