Neman sunan Hausa ga "cozy mystery"

Jama'a, ku zo mu raɗa wa wani nau'in littafi suna. Turawa na ce masa "cozy mystery", kuma shi ne abokin hirata duk hutun ƙarshen shekara. Shekaranjiya ƙanwata ta same ni a kishingiɗe, littafi a hannu, ina ta murmushi ni kaɗai. Ta ce, "Yaya, na soyayya ne?" Na ce a'a, kisan kai ma aka yi a ciki. Ta zaro ido ta ce, "To me ya kawo murmushi?" Na buɗe baki na rasa suna ɗaya da zan ba ta.

Ga yadda abin yake. Kisa dai akwai shi, amma ba a tsayawa kan jini. Gawa tsintar ta ake yi, a lulluɓe, a koma kan masu rai. Mai gano bakin zaren kuma galibi ba ɗan sanda ba ne. Ku ɗauki Miss Marple ta marubuciya Agatha Christie; littafin Miss Marple na farko ya fito a 1930. Tsohuwa ce da ba ta taɓa aure ba, tana zaune a St Mary Mead, wani ƙauyen Ingila da marubuciyar ta ƙirƙira, tsinken saƙa a hannu, kunne a buɗe. Kowa na yi mata kallon 'yar tsohuwa mai son jin ƙwaƙwaf. Ita kuwa da ta ga wanda ake zargi sai ta tuno wani ɗan ƙauyensu mai irin halinsa, daga nan ta gane mai ƙarya. Littattafai 12 ta yi tana wannan aiki. Alaƙarsu da hutu ma tsohuwa ce, don a zamanin marubuciyar kamfanin Collins ya daɗe yana fitar da sabon littafin Christie gab da Kirsimeti, mutane na saya su ba juna kyauta.

Mu fara da "mystery". Wani ya ce "labarin asiri". Ban yarda ba, don Bahaushe na jin asiri sai ransa ya tafi wajen boka. "Binciken ƙwaƙwaf" kuwa 'yan jarida sun riga mu. Wani malamina ya kawo "kacici-kacici", kuma Malam, wallahi ka kusa, domin marubucin na baza alamu ne a gabanka, kana rigegeniya da mai binciken wajen canka amsa. Sai dai kacici-kacici ba shi da mutane, ba maƙwabciya mai leƙe ta taga, ba magajin da ke jiran dukiya. Ni na fi son "wa-ya-aikata". Ginin ba baƙo ba ne a kunnenmu, dangin ka-ce-na-ce ne da faɗi-tashi, kuma ita ce tambayar da ke hana ka ajiye littafin.

"Cozy" ce ta fi ba ni wahala. A wajensu ɗumi take nufi: dusar ƙanƙara na zuba a waje, kai kana ciki kusa da wuta, ka rufa da bargo. Har rigar da suke sa wa butar shayi don kada ya huce da wannan kalma suke kiran ta. Na gwada "mai ɗumi", sai na ji "labari da ɗumi-ɗuminsa" na yi mini ƙara a kunne, wato abin da ya faru yanzun nan, mai tayar da hankali. Akasin abin da muke nema ke nan.

Sai na lura Hausa a sanyi take ajiye kwanciyar rai. Muna cewa raina ya yi sanyi, wance mai sanyin hali ce, an sasanta cikin ruwan sanyi, ɗa sanyin idaniya ne. Abin da littattafan nan ke ba ni ke nan. Na san kafin shafin ƙarshe za a tara kowa a falo ɗaya, a warware ƙullin dalla-dalla, a kama mai laifi, ƙauye ya koma shan shayinsa. Shi ya sa nake iya karanta su da dare in yi barci lafiya.

Saboda haka na tsaya a kan "wa-ya-aikata mai sanyi". An ce mini "mai sanyi" na iya nufin labari marar armashi. Na duba wannan, amma marar armashi ai lami muke ce masa, ba ma rasa kalmarsa.

Yau da safe ƙanwar tawa ta leƙo ɗaki ta ce, "Yaya, in ka gama wa-ya-aikatan nan mai sanyi ka ara mini." Ta faɗa ba tuntuɓe ko kaɗan. Abin da ya rage mini shi ne jam'i: mu ce "littattafan wa-ya-aikata masu sanyi", ko akwai mai gajeren da ya fi wannan daɗin faɗi?