Neman shawara: na ci na ƙoshi amma jikina ya hau rawa, ga ƙiba sai ƙaruwa take

Saƙon wata 'yar'uwa ta hannun Admin:

Assalamu alaikum Admin da 'yan'uwa mata. Don Allah a sakaya sunana. Ni tela ce, shekaruna 34, yarana uku. Da safe da koko da suga nake karyawa, ko shayi mai kauri da burodi, kuma garau nake tashi. Amma wajen ƙarfe goma sha ɗaya ina kan keke sai hannuna ya kama rawa har in kasa zura zare a allura, gumi ya karyo min, gabana ya riƙa faɗuwa, ga wata muguwar yunwa. In na aiki yarinya ta sayo min lemon kwalba da fanke, kafin ka ce kwabo na dawo daidai. Da la'asar ma haka yake min in na ci shinkafa ko taliya da rana. Na je kemis da sassafe ban ci komai ba aka gwada min suga, aka samu 104, mai shagon ya ce lafiya lau. Ga ƙiba kuma, tun haihuwar auta na tashi daga kilo 70 zuwa 86, duk a ciki ta taru. Wata kwastoma ta ce min sugana ne ke sauka. To ni na san mai ƙiba suganta hawa yake yi, ya za a yi nawa ya riƙa sauka? Mahaifiyarmu tana da ciwon suga, shi ya sa hankalina ya tashi. A taimaka min da shawara.

Maman 'yan biyu:
Wannan ai olsa ce 'yar'uwa. Ki daina zama da yunwa, ki rage yaji. Allah ya ƙara sauƙi.

Amaryar bana:
Ki riƙa ajiye alewa ko dabino a kan keken, da kin ji ya taso ki jefa a baki. Haka yayata take yi.

Anti Nas:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Maman 'yan biyu, ki yi haƙuri, olsa zafi ko ciwo take sawa a saman ciki, ba ta sa rawar hannu da gumin da lemo ke tsayarwa nan take. Abin da mai tambaya ta faɗa ya fi kama da saukar suga bayan cin abinci, wanda ke zuwa awa 2 zuwa 4 bayan an ci. Na ce ya fi kama, don ba a yanke hukunci ta waya.

Ga yadda abin yake. Koko da suga, farin burodi, fanke, lemo, duk ba sa daɗewa a ciki, da sauri suke zama suga su shiga jini. Jiki sai ya saki insulin, sinadarin da ke kwashe suga daga jini ya kai shi cikin tsoka da hanta da kitse. Ga mai kitsen ciki, jikin ba ya jin maganar insulin da wuri, kuma sau da yawa sakin farko yana makara. Sai sugan ya hau sosai, daga baya insulin ya zo da yawa fiye da buƙata, a lokacin da abincin ya riga ya wuce. Shi ne sugan yake rikitowa. Rawar jiki da gumi da faɗuwar gaba kuma jiki ne ke sakin sinadarin tsoro don ya tayar da sugan. Kin ga amsar tambayarki: hawa da sauka ba kishiyoyi ba ne a nan, hawan ne ke haifar da saukar, kuma a wasu mutane wannan yana cikin alamun farko tun kafin ciwon suga ya bayyana.

Sai batun ƙiba. Insulin shi ne mai ba da umarnin a tara kitse. Kin karya da zaƙi, ya fito da yawa, suga ya sauka, yunwa ta kama ki, kin sha lemo da fanke, ya sake fitowa. Wannan lemon na ƙarfe sha ɗaya abinci ne na ƙari da ba ki lissafa shi, kuma kullum ne. Ƙibar tana ƙara matsalar, matsalar tana ƙara ƙibar.

Kuma 104 ɗin nan ba zan ce masa lafiya lau ba. Ƙungiyar masu kula da ciwon suga ta Amurka tana ɗaukar 100 zuwa 125 kafin a karya a matsayin bakin gaɓa, wato dab da kamuwa da ciwon suga, 126 zuwa sama kuma ciwon suga in an maimaita an tabbatar. Hukumar Lafiya ta Duniya daga 110 take farawa. Ko wanne aka bi, ga tumbi, ga mahaifiya mai ciwon, ya kamata ki ga likita ya rubuta miki gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suganki na wata 2 zuwa 3. Daga 5.7 zuwa 6.4 bakin gaɓa ne, 6.5 zuwa sama ciwon suga.

'Yar siririya:
Anti Nas, ni fa ba ni da ƙiba ko kaɗan, amma na yi fama da irin wannan. Da aka gwada ni lokacin da nake rawar, sugana daidai yake. Ashe ƙarancin jini ne, ga shan shayi mai ƙarfi a kan yunwa. Don haka ni shawarata kar ta ɗora wa kanta ciwo kafin ta gwada.

Anti Nas:
Kin taimaka min wallahi, nan ne mutane da yawa ke kuskure. Gwajin sassafe ba ya kama wannan matsalar, sai an gwada a daidai lokacin da jikin ke rawa. Likitoci suna neman abu uku tare, ƙa'idar da wani likitan tiyata ɗan Amurka, Allen Whipple, ya kawo tun shekarun 1930: a ji alamun, a gwada a ga sugan ya yi ƙasa a wannan lokacin, sannan alamun su tafi da an sha zaƙi. Ƙasa da 70 an fara cewa ya sauka, amma ga wanda ba ya shan maganin suga, sai ya kai wajen 55 zuwa ƙasa likita ke ɗaukar sa da nauyi. Da yawa za a gwada a ga 80 ko 90 alhali suna rawa. Ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo mai sa zuciya gudu, fargaba, duk suna iya yin kama da shi. Kuma sirara ma suna samun saukar sugan na gaske, haka waɗanda aka yi wa tiyatar rage ciki don ƙiba. Ƙanwata, tunda Hajiyarku tana da ciwon, ƙila tana da na'urar gwaji a gida. Ki ara, amma da sabuwar allura taki ke kaɗai. Ki wanke hannu ki gwada da zarar rawar ta fara, kafin ki sa komai a baki, ki rubuta lamba da lokaci da abin da kika ci, ki kai wa likita takardar.

Hajiya daga Maraɗi:
'Yan Nijar a lura, mu a nan takardar gwaji da giram take zuwa. Abin da Anti ta ce 70, shi ne 0,70 a wajenmu, 104 kuma 1,04. Kar wata ta ga 1 ta ce ta mutu.

Mai kayan mata:
Ki yi min magana ta ciki Hajiyata, ina da shayin rage tumbi, sati biyu kin zama budurwa.

Admin:
Ba a talla a ƙarƙashin tambayar lafiya. Na biyu cirewa ce.

Ɗalibar ilimin abinci:
Anti Nas ta gama da ɓangaren asibiti, bari in shiga kicin. A 2021 masu bincike na King's College da ke Landan da abokan aikinsu sun fitar da sakamakon bin diddigin mutum sama da 1,000 da aka maƙala wa na'urar auna suga. Waɗanda sugansu ke rikitowa sosai awa 2 zuwa 3 bayan karin kumallo sun fi saurin jin yunwa, kuma sun ci ƙarin kusan kalori 300 a rana fiye da waɗanda nasu bai sauka sosai ba. Lafiyayyu ne fa, ba masu ciwon suga ba. Don haka mai tambaya, ba kwaɗayi ba ne, karin kumallon ne ke jawo miki.

Ba sai kin sayi abincin Turawa ba. Kokon ma ba haramun ba ne, amma ki rage yawansa, ki yanke sugan, ki haɗa da ƙosai ko alala ko dafaffen ƙwai. In shayi ne, ƙwai biyu da yankan burodi ɗaya ya fi rabin burodi da bota. Da rana ki sa wake ya fi shinkafar yawa, ki fara da kwaɗon zogale ko rama ko salak kafin ki taɓa shinkafar. Wake, ganye, kifi, gyaɗa, suna riƙe abinci a ciki, sugan ya shiga jini a hankali. Wajen ƙarfe goma, tun kafin rawar ta zo, ki ci gyaɗa cikin tafin hannu ko kindirmo marar suga. Amaryar bana, dabino da alewa na ceto ne in abin ya riga ya faru: cokali ɗaya na suga ko zuma, ko rabin kofin lemo, a jira minti 15, sannan a bi da abu mai riƙe ciki. In suka zama abin ci kullum an koma gidan jiya. Sannan aikinki na zama ne, in kin ci ki tashi ki zaga tsakar gida ko ki yi shara na minti goma, tsoka tana jan suga da kanta.

Mai tambaya, ta hannun Admin:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Anti Nas, in na daina karyawa gaba ɗaya don ƙibar ta sauka fa? Sannan fura ita ma a ciki take?

Anti Nas:
Kar ki daina karyawa, ƙanwata. In kika kai azahar da yunwa, malmala biyu za ki ci ki kora da zoɓo mai suga, la'asar ta fi ta da muni. Kuma ba a ce ki koma kilo 70 a wata ɗaya ba. Wani babban bincike a Amurka da aka fitar a 2002 ya nuna masu bakin gaɓa da aka ɗora a kan rage kusan kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a sati, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin 100. A wajenki kilo 6 ke nan, a hankali. Fura kuwa, nonon ya fi furar yawa, ba suga, kofi ɗaya ba kwano ba. Abu ɗaya da ba zan yi wasa da shi ba: in rawar ta fara zuwa miki da asuba ko cikin dare ba ki ci komai ba, ko kika ga hazo-hazo, harshe ya karye, ko kika suma, wannan ba na gyaran abinci ba ne, asibiti za a kai ki a ranar. In za ki je wajen likita, ki tafi da duk maganin da kike sha, har na gargajiya da na rage ƙiba.